Zuma Mai Zafi da Zuma Mai Sanyi: Yadda A Ke Bambanta Su a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya taɓa rataya amya bisa ɗorawa ko kaɗanya a ƙasar Kabi ya san wannan abu. A kan sami amya biyu a itace guda, hannu ɗaya ya saƙa su, kashin shanu ɗaya aka shafa musu, rana ɗaya aka ɗaure su, amma halin mazaunansu ya sha bamban. Ɗaya, in an zo mata da ɗan hayaƙi bayan isha'i, sai a ɗebi abin da za a ɗiba a sauko lafiya, da harbi biyu ko uku. Ɗayar kuwa tun mutum bai kama reshe ba ta aiko masa da manzanni, in ya yi gardama ta rako shi har ƙofar gari, shi da jakinsa. Masu iya magana sun ce zuma da zaƙi da harbi. Gaskiya ne, amma harbin ba ɗaya ba ne, kuma sanin wanda ya fi wani ya zama wajibi a yau.

Dalili kuwa shi ne jeji ya matso. Inda a da a ke tafiyar sa'a guda daga Argungu ko Gulma ko Augie kafin a kai ga itatuwan amya, yanzu gonaki ne da gidaje. Fadamar Gulbin Kabi ta cika da masu noman shinkafar rani, injin ban ruwa na ruri tun asuba. Almajirai na zuwa neman itacen ƙona dare, mata na zuwa rijiya, Fulani na bi da shanu. Amyar da ba ta cutar da kowa ba sa'ad da ta ke ita kaɗai a daji, yau tana iya kashe akuya a turke, ko yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fitar daga ransa shi ne cewa ido na iya yanke wannan hukunci. A kasuwa a kan ji wani ya ce jan ƙuda ya fi faɗa, wani ya ce a'a, baƙin ne mugu, wani kuma ya ce ƙananan su ne shaiɗanu. Kowa da amyar da ta taɓa wahalshe shi ya ke kafa hujja. Amma in aka duba saƙa ɗaya da kyau, za a ga masu jan ciki da masu duhun ciki suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma uwarsu ɗaya. Wanda a ke kira sarkin zuma, Larabawa na ce masa ya'asubu, ba namiji ba ne, mace ce, tun ƙarni na 17 masu bincike a Turai suka tabbatar da haka. Ita ce ke yin ƙwan dukan gidan. A farkon rayuwarta ta kan fita ta sadu da maza a sararin sama, ba ɗaya ba, sau da yawa fiye da goma, daga gidaje dabam dabam, ta adana maniyyinsu har iyakar ranta. Saboda haka 'ya'yanta uwa ɗaya ne, uba barkatai, launinsu kuma ya kan bi na ubanninsu. Masu aikin nan duka, masu ɗebo ruwan fure da masu gadin ƙofa da masu harbi, mata ne. Namiji ba shi da ƙari ko kaɗan. Malaman nahawu da suka lura da cewa a Suratun Nahli, aya ta 68 da ta 69, da sigar mace aka yi wa ƙudan zuma umarni, suna da abin yin tunani a nan.

To, in launi bai raba ba, iri fa? Iri kam akwai shi. Ƙudan zuman da ke cika amya a Afirka ta Yamma, wani masani Bafaranshe mai suna Latreille ya rubuta sifarsa a shekarar 1804, ya sa masa suna adansoni, domin tunawa da Michel Adanson wanda ya yi shekaru yana nazarin itatuwa da dabbobin Sanagal. A ƙasashen da ke gefen Sahara, ta wajen Cadi da Sudan har ƙetaren Bahar Maliya, akwai wani ɗan ƙarami da a ke jingina sunansa ga Yaman. Tsakanin waɗannan biyu babu ganuwa, inda suka haɗu suna auratayya. Dukansu kuwa masu tsare gida ne da gaske. Masu sanyin da a ke ba da labari, waɗanda a kan ga Bature ya buɗe akwatinsu hannu tsirara, na Italiya ne da na tsaunukan Sulobeniya da Ostiriya. A Afirka ma akwai wani baƙi mai sanyin hali a bisa manyan duwatsun Kenya da Tanzaniya, inda sanyi ya ke. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya zaune a kwarin Rima. Watau mutumin Kabi ba tsakanin iri da iri zai yi zaɓe ba. Irinsa ɗaya ne, mai zafi, sai dai wani gida ya fi wani gida, kamar yadda a zuriya ɗaya a kan sami mai haƙuri da mai saurin hannu.

Babu inda aka wahala da wannan tambaya kamar ƙasar Barazil, kuma daga wahalarsu aka sami yawancin abin da aka sani. Asali babu ƙudan zuma irin na amya a ƙasashen Amurka, Turawa suka kai nasu. Na Turai kuwa bai ji daɗin zafin Barazil ba, zumansa kaɗan. A shekarar 1956 wani malamin ilmin halitta, Warwick Kerr, ya zo Afirka ya ɗebi uwayen zuma daga Afirka ta Kudu da Tanganyika, ya kai su kusa da garin Rio Claro a jihar Sao Paulo, da niyyar ya haɗa su da na Turai a sami mai ƙwazon Afirka da ladabin Turai. Ya sa wani ƙarfe mai ramuka a ƙofar kowane akwati, wanda ma'aikata ke iya wucewa amma uwa ba ta iyawa. A shekarar 1957 aka cire ƙarafan nan bisa kuskure, uwaye 26 suka fice da jama'arsu suka shiga daji. Daga nan ba wanda ya sāke iya tare su. Suka bi ƙasa bayan ƙasa, suna mamaye na Turai, suna kashe dabbobi da mutane inda aka tsokane su, har suka shiga jihar Texas ta Amurka a shekarar 1990. Jaridun can suka sa musu suna makasa. Shekaru da yawa littattafai na kiransu adansoni, sunan na Afirka ta Yamma, kafin a tantance cewa ɗan'uwansa ne na kudu da gabashin Afirka, wanda a ke kira sukutelata. Masana da madubansu ma sun rikice, balle mai kallo daga gindin itace. Kama da wane ba ta wane.

Da hukumomin can suka rasa yadda za su gane baƙon da ido, sai suka koma ga awo. Su kan kama ma'aikata da dama daga gida ɗaya, su cire fukafukansu, su auna tsawonsu ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, domin na Afirka ya fi gajarta da ɗan abin da ido ba ya kamawa. Daga baya suka koma binciken ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji. Akwai kuma awon saƙa, wanda kowa na iya yi: in aka jera ramuka goma na saƙar ma'aikata aka auna, na Afirka ba su cika kai inci 2 ba, na Turai kuwa su kan ɗara inci 2 kaɗan. Wannan duk yana gaya wa mutum asalin ƙuda ne. A Argungu, inda asalin kowa ɗaya, ba zai raba amyar gabas da ta yamma ba.

Wani abin da binciken nan ya nuna ya fi amfani. Dafin ƙuda ɗaya na Afirka bai fi na Turai ƙarfi ba. Bambancin yana ga yawan masu fitowa, da saurin fitowarsu, da nisan da su ke bin mutum, da daɗewarsu kafin su huce. Na Turai kan fito 'yan kaɗan, su raka mutum 'yan taku su koma. Na Afirka kan fito ɗari ɗari, su bi mutum yadi 400 ko fiye, kuma su kan wuni a fusace, wani lokaci har wanshekare. Abin da ke tara su kuwa wari ne. In ƙuda ya yi harbi, ƙarinsa mai ƙaya ne, ya kan maƙale a fata ya tsinke daga jikinsa, shi ya mutu, amma ƙarin ya ci gaba da fitar da wani wari mai kama da na nunanniyar ayaba, wanda masana a Kanada suka gano sinadarinsa a shekarar 1962. Warin nan shi ne gangar yaƙi. Gida mai zafi shi ne wanda kaɗan daga warin ke tayar da shi duka.

Bisa wannan ne wani masani na Barazil, Antonio Stort, ya tsara gwajin da ya bayyana a shekarar 1974, gwajin da ba ya bukatar madubi ko ɗakin bincike. Ya ɗinka 'yar ƙwallo ta baƙar fata, ya rataye ta a zare, ya yi ta girgiza ta dab da ƙofar gidan zuma har minti ɗaya. Sa'an nan cikin abubuwan da ya rubuta akwai lokacin da aka ɗauka kafin harbin farko, da yawan ƙarin da ya maƙale a fatar, da nisan da aka bi shi sa'ad da ya juya. Guntun baƙar fata irin wanda baduku ke zubarwa ya isa, da doguwar gora. Sai dai kowace amya da tata sabuwar fata, domin wadda aka riga aka harba tana ɗauke da warin nan, za ta sa a zalunci gida na biyu. Kuma ba a yin wannan gwaji sai mutum ya rufe fuska da wuya da idon sawu, ya tabbata babu yaro ko dabba a ɗaure kusa. Wanda ya gwada amyoyinsa goma a yini ɗaya, a sa'a ɗaya, ya ƙirga, zai ga da idonsa cewa wata ta bar ƙari biyar, wata ta mai da fatar kamar bushiya.

Ko ba a yi gwajin fata ba, akwai alamun da mai lura ke gani. Gida mai sanyi, mutum na iya tsayawa taku goma daga gindin itacen da hantsi, ma'aikata na shiga da fita ba su kula da shi ba. Gida mai zafi kuwa masu gadinsa kan fito su yi ta dukan goshin mutum da rawaninsa, ba harbi tukuna, kashedi ne, kuma wanda ya ji wannan duka ya kamata ya fahimci an sallame shi. In an busa hayaƙi, masu sanyi kan sunkuya cikin saƙa su cika cikinsu da zuma su yi nauyi. Masu zafi kan watse, su yi ta gudu bisa saƙa, su taru a baki kamar tafasasshen ruwa.

Amma fa alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar rana ɗaya, kuma a nan ne masu gaggawa ke kuskure. Gidan da uwarsa ta mutu ya kan yi zafi ko da asalinsa mai sanyi ne, har sai ya sami sabuwa. Gidan da dage ya taɓa da dare, ko kwarkwasa ta hau shi, ko yara suka jefe shi, ya kan kwana biyu yana huce haushi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. In fure ya ƙare, gidaje suka shiga satar juna, kowa ya kan tsananta gadi. Hadari in ya haɗo, da iska mai ƙura, su ma suna ɓata musu rai. Sa'an nan ga ƙarfi: gida mai jama'a da yawa da rumbu cike, kamar yadda a kan samu da bazara bayan gawo da kaɗanya da ɗorawa sun yi fure, ya fi faɗa bisa ga ƙaramin gida mara komai, domin yana da abin tsarewa da mayaƙan tsare shi. Saboda haka sai a gwada sau uku ko huɗu, a watanni dabam dabam. Wanda ya yi zafi sau ɗaya yana da uzuri. Wanda ya yi zafi kullum, halinsa ne.

Wannan magana ta shafi 'yan kasuwa musamman. Tarin zuman da a kan gani ya dunƙule a reshe, yana neman masauki, shi ne mafi ladabin zuma duka, domin ba shi da 'ya'ya ba shi da dukiya, cikinsa kuma cike ya ke da guzuri. Haka sabuwar amyar da aka shiga mako biyu da suka wuce. Wanda ya sayi irin wannan don ya ga mai ita ya taɓa ta ba a harbe shi ba, ya sayi abin da bai sani ba, sai bayan wata uku zai ga ainihin hajarsa. Haka kuma falken da aka kwaɗaita wa sayo uwar zuma ta Italiya da tsada, a kan cewa za ta cika masa gida da masu sanyi, ya riƙe kuɗinsa. An sha kawo na Turai ƙasashen zafi na Afirka ba su yi ƙarko ba. In ma uwar ta rayu, 'yarta da mazan dajin nan za ta sadu, kuma binciken Amurka ya nuna zafin hali ya fi bin wajen uba. Ga shi kuma na gida yana da abin da na Turai ya rasa: akwai wani ƙwaro mai kama da kaska, a na ce masa barowa, wanda ya hallaka gidajen zuma masu ɗimbin yawa a Turai da Amurka, na Afirka kuwa ya fi jure masa nesa ba kusa ba. Barazil ɗin ma da ta yi kuka da fari, da ta koyi zama da baƙon, ta shiga sahun masu sayar da zuma ga duniya.

Akwai wani abu mai nauyi da ya kamata masu ɗibar zuma su duba. Zafin ƙudan Afirka ba banza ya zo ba, dubban shekaru ya yi yana fama da dage da tururuwa da ɗan Adam mai wuta a hannu. To, a dubi yadda ɗiba da wuta ke aiki. Mai zuma ya zo da damin kara yana ci, ya fara da amyar da ta fi sauƙin hawa, watau mai sanyi, ya ƙone ta, ya kwashe zuman da 'ya'yan da ke cikin saƙa, gidan ya mutu ko ya yi ƙaura. Mai zafin kuwa ya ce a bar ta sai wani jiƙon. Ita ce za ta rayu, ta fitar da sababbin uwaye da maza su cika dajin. Shekara bisa shekara mutum da hannunsa yana kashe masu haƙuri yana kiwon mafaɗata, sa'an nan ya ce zuman zamani ya lalace. Akasin haka ya faru a tsibirin Puerto Rico. Zuman nan na Afirka ya isa can a shekarar 1994 da zafinsa, amma tsibirin cike ya ke da mutane, duk gidan da ya yi ɓarna a kan kawar da shi, masu sauƙi su ke saura. Kafin shekara 20 masana suka tarar zuman tsibirin, da jininsa na Afirka, ya yi sanyi kusan kamar na Turai.

Malamai sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, inda aka hana kashe dabbobi huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Hayaƙin busasshen kashin shanu ko na ɓuntun shinkafa, mai kauri mara harshen wuta, yana rufe warin harbi, ya isa a ɗebi zuma a bar saƙar 'ya'ya da uwarsu. Wanda ke da akwatin zuma irin na Kenya, mai sanduna a sama da a ke ɗaga saƙa ɗaya ɗaya, yana da wata dama kuma: yana iya cire uwar gida mai zafi ya ba su ƙwai daga gida mai sanyi su reni sabuwa. Ma'aikaciya a lokacin aiki ba ta cika wuce mako shida a duniya ba, saboda haka cikin wata biyu ko uku jama'ar gidan duk ta sāke. Sai dai a ci gaba da gwaji, domin ba a san da wa sabuwar ta sadu ba.

Game da haƙƙin maƙwabta, malaman Malikiyya sun daɗe da taɓa mas'alar. An tambaya game da mai ajiye zuma ko tantabaru a cikin gari suna yi wa itatuwa da shukar mutane ɓarna. Muɗarrif ya ce a hana shi, domin ba a iya tsare kai daga mai tashi sama. Asbagu ya ce hukuncinsu kamar na dabbobin kiwo ne, masu gona su tsare gonarsu. Ibnu Habib ya rinjayar da maganar Muɗarrif. In an yi wannan saɓani a kan fure da hatsi, to, amyar da aka gwada aka san tana bin mutane, wurinta ba kusa da makaranta ba ne, ko rijiya, ko turke, ko inda injin ban ruwa ke girgiza ƙasa, gama girgiza da hayaƙin inji na cikin abin da ke tayar da su. A kai ta can nesa da dare, an toshe bakinta. Wanda ke son zuma a cikin gida ba tare da fargaba ba, ga galla nan, 'yar ƙaramar da ba ta da ƙari, ko da ya ke zumanta bai taka kara ya karya ba.

Saura wanda tsautsayi ya faɗa wa. Baƙin tufafi da gashi da turare mai ƙarfi da zufar doki duk suna jawo su, farar riga ta fi aminci. In sun taso, kada a tsaya kaɗe-kaɗe, sai a ja riga a rufe fuska a yi gudu kai tsaye zuwa ɗaki ko mota a rufe, a kwance dabbar da ke ɗaure in da hali. Bakabe kuwa, wanda ya tashi a bakin Matan Fada, abin da zuciyarsa za ta fara gaya masa shi ne ya faɗa gulbi ya nutse. Kada ya yi. Su kan tsaya bisa ruwan suna jira, duk sa'ad da ya ɗago don numfashi a fuska za su same shi, kuma sun fi shi haƙuri. In an tsira, a kankare ƙarin da sauri da farce ko bakin wuƙa, domin yana ci gaba da zuba dafi. Wanda aka harba da yawa, musamman yaro ko tsoho, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin dafi mai yawa ya kan taɓa ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu, alamarsa fitsari ya yi duhu ko ya ragu. Wanda kuma harbi ɗaya tak ya sa leɓensa ya kumbura, numfashi ya yi masa wuya, wannan ba a jira da shi ko na rabin sa'a.